Ziyarar Aboki a Kef Tawun: Watan Tafiya, Takardu da Hawan Dutsen Tebur

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ban taɓa fita ƙasar waje ba in ban da Umara sau ɗaya. Abokina na ƙuruciya yana karatun digiri na uku a Jami'ar Kef Tawun da ke Afirka ta Kudu. Ya daɗe yana gayyata ta, yanzu ya ce in zo a watan Yuli lokacin hutunsu in yi kwana goma a wurinsa. Yana turo mini hotunan teku da na wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, ya ce za mu hau. Ina son zuwa, amma ina jin labarin hare-haren da ake kai wa 'yan Najeriya a can, kuma ban san yadda batun salla da abinci yake ba. Shin Yuli ya dace? Me zan shirya? Kuma mutum kamata, wanda bai taɓa hawan abin da ya wuce Dala ba, zai iya hawan dutsen nan?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta ƙunshi abubuwa huɗu: lokacin tafiya, takardu, zaman baƙo Musulmi ɗan Najeriya a garin, sai kuma dutsen. Aikina shirya wa mutane tafiye-tafiye ne a nan Kano, galibi Umara da fatauci, amma na je Kef Tawun sau uku, biyu na sauka a gidan wani aminina, ɗaya na raka matafiya. Abin da waɗannan tafiye-tafiye suka koya mini shi ne, a wannan gari ba kai ke tsara kwanakinka ba, iska da gajimare ne ke tsara maka su, kuma duk shirin da bai bar musu gurbi ba zai rushe. Saboda haka zan fi tsayawa a kan yanayi da dutsen, in wuce sauran da ɗan sauri.

Yadda garin yake zaune

Kef Tawun na kusa da ƙarshen nahiyar Afirka ta ɓangaren kudu maso yamma, kuma a nan majalisar dokokin ƙasar take zama. Tsohon garin yana cikin wani kwari mai kama da ƙwarya, teku a gabansa, duwatsu sun kewaye shi ta baya. A tsakiya akwai Dutsen Tebur, wanda ka gani a hoto, ƙololuwarsa ta kai kimanin mita 1,086. A gefe ɗaya akwai wanda suke kira Devil's Peak, jami'ar abokinka tana jingine ne a gangarensa, a ɗaya gefen kuma akwai Lion's Head, wato Kan Zaki, mai tsayin mita 669. Turawan Holan ne suka kafa zango a wurin a 1652 ƙarƙashin Jan van Riebeeck, domin jiragen ruwansu masu zuwa gabashin duniya su riƙa tsayawa suna ɗibar ruwa da abinci. Daga wannan zango garin ya tashi, kuma ta wannan hanyar jiragen ne Musulunci ya shigo, kamar yadda zan yi bayani a gaba.

Batun Yuli

A gaskiya ba na ba ka shawarar Yuli. Ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya, don haka yanayinsu kishiyar na Turai ne, watannin Yuni, Yuli da Agusta su ne lokacin sanyinsu, kuma a Kef Tawun sanyi da damina tare suke zuwa. Kada ka auna shi da hunturun Kano. Namu sanyin busasshe ne, da hantsi ya yi sai ya saki mutum, amma nasu jiƙaƙƙe ne, ruwa na iya wuni yana zuba da iska mai ƙarfi, da rana ma'aunin zafi yana kaiwa wajen 17 ko 18, da dare ya sauka ƙasa da 10, kuma yawancin gidajen ɗalibai ba su da abin ɗumama ɗaki na kirki. A irin wannan lokaci dutsen kan yi kwanaki a lulluɓe da gajimare, jirgin ruwan da ke zuwa tsibirin Robben, inda aka tsare Nelson Mandela, kan fasa tashi idan teku ta tayar, sannan motar igiyar da ke kai mutane saman dutse yawanci a tsakanin Yuli da Agusta ake rufe ta don gyaran shekara. Ka ga ke nan abubuwa ukun da za su kai ka garin duk suna cikin shakka.

Disamba da Janairu kuma lokacin zafinsu ne, sararin sama fes, amma a lokacin ne duk ƙasar ke hutu, masauki da tikiti su yi tsada, layin motar igiya ya yi tsawo, kuma a lokacin ne iskar kudu maso gabas ta fi ƙarfi. Mutanen garin suna yi wa wannan iska laƙabi da likitan Kef, wai don tana share ƙurar gari, amma ita ce kuma ke tura danshin teku ya hau dutsen ya zama farin gajimare ya kwanta a kansa kamar an shimfiɗa mayafi a tebur. Daga ƙasa abin sha'awa ne, amma wanda yake sama ba ya ganin abin da ya wuce 'yan taku a gabansa. A ganina Maris da Afrilu sun fi kowane lokaci, domin iska ta lafa, zafi ya ragu, ruwan sama bai kankama ba. Oktoba da Nuwamba ma suna da kyau. Mai karatun digiri na uku ba ya ɗaure da jadawalin aji kamar ƙananan ɗalibai, saboda haka ka tambayi abokinka ko zai iya ware maka kwanaki a ɗaya daga cikin waɗannan watanni. In kuwa babu makawa sai Yuli, to ka je da rigar ruwa da rigar sanyi mai kauri, ka kuma sa a ranka cewa zumunci ka je yi, idan dutsen ya buɗe riba ce. Yuli ma ba ya rasa nasa, domin daga lokacin har zuwa Nuwamba ake ganin manyan kifayen teku kusa da gaɓa a garin Hermanus, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota.

Takardu da hanya

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, kuma ana miƙa takardun nema ne ta ofishin VFS, kamfanin da ke karɓar takardun biza, a Abuja ko Legas. Tunda wurin aboki za ka sauka, takardar gayyatarsa ita ce ginshiƙin nemanka: ta ƙunshi adireshinsa, kwanakin da za ka yi, da kwafin fasfonsa da izinin karatunsa wanda bai ƙare ba. Kai kuma ka haɗa da bayanan asusunka na banki na 'yan watannin baya, da shaidar kasuwancinka, da tikitin zuwa da dawowa. Abin da na fi ganin yana kayar da 'yan kasuwarmu shi ne asusu. Mutum yana da dukiya amma duk tana cikin kaya da bashi a kasuwa, sai ana gobe zai buga bayanan banki ya zuba kuɗi masu yawa lokaci guda, jami'in biza kuwa irin wannan shigar kuɗi ta farat ɗaya yake fara zargi. Ka bar asusun ya nuna shige da ficen cinikinka na yau da kullum. Ka fara nema da wuri, wata biyu ko uku kafin tafiya, kuma kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Fasfonka ya zama yana da aƙalla shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba.

Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne, kuma sai allurar ta yi kwana goma kafin katin ya fara aiki. Kada ka yarda wani ya kawo maka kati ba tare da an yi maka allura ba. A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta mayar da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin Johannesbag a kan zargin katinsu na bogi ne, abin da ya jawo takun saƙa tsakanin ƙasashen biyu har sai da aka ba Najeriya haƙuri. Ka je ofishin lafiya na filin jirgi da kanka a yi maka. Haka kuma kada ka wuce kwanakin da aka buga maka ko da kwana ɗaya, domin dokarsu tun 2014 tana haramta wa wanda ya zarce sake shiga ƙasar na tsawon shekara ɗaya zuwa biyar, kuma abin na iya shafar sunan wanda ya gayyace ka.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano hanya mafi sauƙi ita ce ta Addis Ababa, daga can ka hau wanda zai kai ka Kef Tawun kai tsaye cikin awa shida da wani abu. Akwai kuma ta Legas zuwa Johannesbag, sannan ka ƙara awa biyu a jirgin cikin gida. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya. Kuɗinsu rand ne, kuma kusan ko'ina da kati ake biya, don haka ka tabbatar da bankinka cewa katinka yana aiki a waje tun kafin ka tashi. Soket ɗinsu mai manyan ƙafafu uku zagayayyu ne, cajarka ba za ta shiga ba sai da mahaɗi, amma wannan abokinka zai tanada.

Game da tsaraba, na san zuciyarka za ta tafi ga kilishi da dambun nama, to ka haƙura, domin ba a shiga ƙasar da nama ba tare da izini na musamman ba, kuma za a karɓe a filin jirgi. Yaji, kuka da daddawa, in ka ɗauka, ka rufe su da kyau ka kuma bayyana su ga jami'an kwastan, in sun bari falillahil hamdu. Abin da ba ya jawo magana shi ne hula, shadda ɗinkakkiya, turare, da takalmin fata na Kasuwar Kurmi.

Haƙƙin mai masauki

Wannan ba ka tambaye shi ba, amma sai na faɗa. A Kano baƙo ba ya taɓa aljihunsa, kuma abokinka da wannan tarbiyya ya tashi, saboda haka zai yi ƙoƙarin ɗaukar komai ko da zai ci bashi, kuma ba zai taɓa gaya maka ba. Ka sani ɗalibi ne a gari mai tsadar haya, wataƙila ɗaki ɗaya gare shi a gidan da suke raba kicin da wasu, kuma wasu gidajen ɗalibai suna da ƙa'ida a kan kwanan baƙo. Ka tambaye shi wannan tun yanzu. Sannan wuraren yawon buɗe ido da yawa suna cajin baƙon waje fiye da mazaunin ƙasa, don haka tikitinka ya fi nasa tsada. A zuwana na farko sai da na yi kwana huɗu kafin na lura aminina yana biyan kuɗin shiga da na mota daga ɗan abin da yake tarawa na haya, kuma na ji kunya ƙwarai. Dabarar da nake ba mutane ita ce ka sayi tikitocin manyan wurare da katinka ta intanet, ka ce ai ka riga ka biya, sannan a rana ta farko ku shiga kanti ka yi cefanen mako. Ta haka ba ka ci masa fuska ba, ba ka kuma bar shi da rami ba. Ka kuma ba shi kwana biyu ko uku ya koma kan bincikensa, kai ka zaga tsakiyar gari da rana a bas ɗin gari na MyCiTi ko a motar Uber.

Dutsen

Amsar tambayarka ita ce za ka iya kaiwa sama, amma hanyoyin biyu ne, kuma bambancinsu babba ne. Ta farko motar igiya ce, wadda aka buɗe tun 1929. Ta yanzu tana ɗaukar mutum 65, daɓenta yana juyawa a hankali don kowa ya ga ko'ina, kuma cikin kamar minti biyar kun isa. Wannan ko dattijo zai iya. A sama akwai shimfiɗaɗɗun hanyoyi na dutse, kana hango gari da tashar jiragen ruwa da tsibirin Robben a ƙasa, kana ganin rema tana shan hantsi a kan duwatsu. Ciyayin da ke wurin ma abin kallo ne, domin yankin na daga cikin wuraren da suka fi yawan nau'in tsirrai a duniya, da yawansu ba sa fitowa a ko'ina sai nan, shi ya sa UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2004.

Ta biyu hawa da ƙafa ne, kuma a nan nake so ka cire Dala daga lissafinka. Dala da Goron Dutse hawan mintuna ne, mutum yana hawa da babbar riga da silifa yana hira. Hanyar da aka fi bi a Dutsen Tebur, wadda ake kira Platteklip, matakala ce ta manyan duwatsu a cikin wani tsagi, tsawonta bai fi kilomita uku ba amma hawan ya kai kimanin mita 700 a miƙe, ba inuwa sosai, kuma mai matsakaicin ƙarfi yana yin awa biyu zuwa uku. Wanda aikinsa zaman shago ne, kamar yawancinmu, gwiwarsa da numfashinsa za su gaya masa gaskiya tun a rabin hanya. In kana son ka hau da ƙafa, ka fara shiri tun daga gida: wata guda kana tafiyar awa ɗaya da sauri bayan asuba, kana hawa Dala ko benen kasuwa sau da yawa a jere. In kana da hawan jini, ciwon suga, asma ko ciwon gwiwa, likitanka ne zai yanke wannan hukunci, ni ba fannina ba ne.

Abin da ke jefa mutane cikin haɗari a dutsen shi ne ganinsa a tsakiyar gari, sai mutum ya ɗauka filin shaƙatawa ne. Kowace shekara masu aikin ceto suna sauko da mutanen da suka ɓata a hazo, ko suka faɗi, ko ƙishirwa ta kayar da su, kuma ana rasa rayuka. Yanayin sama daban yake da na ƙasa, kana iya barin gari ana zufa ka tarar da sanyi da iska a sama. Ka tashi da sassafe, da takalmi mai riƙe ƙasa, da ruwa aƙalla lita biyu, da rigar sanyi a jaka ko da rana ta take, da hula, da waya cike da caji. Kada ku bar hanyar da aka yi wa alama don neman yanke. Babban abin lura kuma shi ne, da yawa suna hawa da ƙafa da niyyar saukowa a motar igiya, to idan iska ta taso ana rufe ta ba tare da dogon gargaɗi ba, sai mutum ya sauko da ƙafafun da suka riga suka gaji, saukowa kuwa ta fi hawa cin gwiwa. Kada ka fara hawa sai kana da ƙarfi da sauran rana da za su ishe ka dawowa da ƙafa.

Shawarata a aikace ita ce, ranar farko da ka tashi ka ga kan dutsen fes babu gajimare kuma an sanar motar igiya tana aiki, ka ajiye duk wani shiri ku tafi. A tafiyar da na raka matafiya mun bar dutsen sai ranar ƙarshe don ya zama abin rufewa, sai iska ta kwana uku tana kaɗawa, muka dawo Kano ba mu hau ba. In kuma kana son ɗanɗana hawa da ƙafa, ka gwada Kan Zaki tukuna, hawan awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ne, hanyar tana zagaya dutsen kana ganin teku ta kowane ɓangare. Kusa da ƙarshe akwai inda ake kama sarƙa da ƙarafan da aka kafa a jikin dutse, amma akwai zagaye ga wanda jiri ke ɗibarsa. In ka sauko daga nan ba ka galabaita ba, sai ka yi tunanin babban. Wanda kuma bai son wahala ko kaɗan, lambun Kirstenbosch da aka kafa a 1913 a gindin dutsen ta gabas ya ishe shi wuni guda.

Teku

Kallon ruwan ya fi shigarsa daɗi. Gaɓar yamma, inda Camps Bay da Clifton suke, tana da farin yashi mai ɗaukar ido, amma ruwan yana da sanyin da ke sa ƙafa ta sage cikin minti kaɗan ko a tsakiyar zafi, saboda ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙarƙashin teku a wannan gaɓa. Ɓangaren Muizenberg ya fi ɗumi. In ba ka iya iyo ba kada ruwa ya wuce gwiwarka, in ma ka iya a Tiga ko Challawa, teku daban ce, tana da jan ruwa da ke fizgar mutum zuwa ciki, don haka a tsakanin tutocin masu ceto kawai ake shiga. Ka kuma sani shigar mutane a bakin teku ba irin wadda idonka ya saba da ita ba ce, sassafe ya fi sauƙi ga mai son kauce wa wannan.

Ku ware wuni guda don zagaya zirin ƙasar da ya miƙa kudu cikin teku. Ku bi titin Chapman's Peak da aka sassaƙa a jikin dutse saman teku, ku tsaya a Boulders kusa da Simon's Town ku ga tsuntsayen fengwin, sannan ku ƙarasa Cape Point. A can akwai gwaggon biri da suka saba da mutane, suna buɗe ƙofar mota suna fizge jaka, kada ka riƙe abinci a hannu kuma kada ka ba su. Za ka ji wasu suna cewa nan ne ƙarshen Afirka, amma ƙarshen na gaskiya yana Cape Agulhas, can gaba ta gabas. A hagu suke tuƙi, kuma hanyoyin dutse suna da lanƙwasa, saboda haka ka bar sitiyari ga wanda ya saba.

Salla, abinci da tsofaffin Musulmin garin

A nan hankalinka zai kwanta fiye da yadda kake zato. Musulunci ya haura shekara 300 a garin. Turawan Holan sun riƙa kawo bayi da malamai da sarakunan da suka yi musu tawaye daga tsibiran da yanzu ake kira Indonesiya, da Indiya da gabashin Afirka. Shehu Yusuf na Makassar an kawo shi a 1694, ya rasu a 1699, kabarinsa yana wajen gari a wurin da har yau ake kira Macassar. Bayansa aka kawo Imam Abdullahi ibn Ƙadi Abdussalam daga Tidore a 1780, wanda aka fi sani da Tuan Guru, aka tsare shi a tsibirin Robben, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka. Duk Bakano da ya san alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani ba tare da duba wani ba zai fahimci girman wannan aiki. Da aka sake shi ya buɗe makaranta, kuma a 1794 aka kafa Masallacin Auwal a titin Dorp da ke unguwar Bo-Kaap, masallaci na farko a ƙasar, wanda har yau ake salla a ciki. Unguwar ita ce mai gidaje masu launi iri-iri da ake yawan ɗauka a hoto. In ka je, ka tuna gidajen mutane ne, ka yi sallama, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa. Kada ka firgita in ka ji ƙarar igwa da ƙarfe 12 na rana daga tudun da ke saman unguwar, tsohuwar al'ada ce ta sanar da lokaci.

Yawancin Musulmin garin Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla a fatiha, yana kuma yin alƙunutun asuba a bayyane bayan ruku'u, ka bi shi kawai. Alƙibla a can tana arewa ne da ɗan karkata gabas, ba gabas ba kamar yadda ka saba, don haka ka duba manhajar waya ko ka tambaya. Lokutan salla suna motsi sosai, a Disamba magariba tana kaiwa wajen ƙarfe 8 na dare, a Yuni kuma kafin 6 ta yi. Tunda ka yi niyyar zaman da ya wuce kwana huɗu, a mazhabarmu ta Malikiyya cika salla za ka yi da zarar ka sauka. Abincin halal kuwa ba ya wuya, gidajen abinci da mahauta da yawa suna manna takardar shaida daga hukumomi irin su MJC ko SANHA, in ba ka gani ba ka tambaya. Ka ɗanɗani bobotie, wato niƙaƙƙen nama da kayan ƙamshi da aka gasa da ƙwai a sama, da koesister, wani soyayyen fulawa mai zaƙi da kwakwa wanda suke ci da safiyar Lahadi, da kifin snoek. In an ce za a kai ka Stellenbosch ko Franschhoek, duwatsun wurin suna da kyau ƙwarai, amma gonakin inabin giya ne kuma yawon nasu na ɗanɗanar giya ne, ka faɗi matsayinka tun a mota.

Tsibirin Robben kuma ka sayi tikitinsa da wuri, ka sa shi a farkon kwanakinka don in an fasa tashi ka samu wata rana. Daga tashar V&A Waterfront ake hawa jirgin. A can Nelson Mandela ya yi shekara 18 daga cikin 27 da ya yi a tsare, daga 1964 zuwa 1982. Wanda yake son fahimtar dalilin da ya sa garin ya rabu gida biyu, masu hali a gindin dutse, talakawa can a fili nesa, ya shiga gidan tarihin District Six, unguwar da gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana ta farare zalla a 1966, ta kwashe mutane sama da 60,000.

Tsoron da kake ji

Ba zan ce maka tsoron banza ba ne. An kai wa baƙi 'yan Afirka hare-hare a 2008, da 2015, da 2019 lokacin da har aka kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya zuwa gida. Na 2015 da 2019 sun fi tsanani a Durban da Johannesbag, na 2008 ya taɓa Kef Tawun ma, kuma galibi abin yana faɗawa ne a kan masu ƙananan shaguna da mazauna unguwannin talakawa inda ake gasar neman abinci. Baƙon kwana goma da ke tare da ɗalibi a kusa da jami'a abin da ya fi fuskanta shi ne fashin waya da jaka, domin garin yana da yawan aikata laifi. Kada ka yi tafiyar ƙafa da dare, kada ka fito da waya a titin da babu jama'a, kada ka karɓi taimakon kowa a wurin na'urar cire kuɗi, kada ka shiga unguwannin bayan gari sai da ɗan unguwa. A kan hanyoyin dutse ma ana tare masu tafiya su kaɗai, don haka ku kasance uku ko huɗu, ku bi hanyar da mutane ke bi, a lokacin da suke bi. Ka bar fasfo a masauki ka riƙe kwafinsa. Babu kuma wanda zai ba ka saƙo a filin jirgi ka karɓa, komai kamarsa da mutumin kirki.

Iyakar abin da zan iya ba ka ke nan daga gogewar mai shirya tafiya da ya ziyarci garin, ba mazauninsa ba. Kuɗin biza da jerin takardunta da jadawalin jirage suna sauyawa, ka tabbatar da su a makon da za ka nema. Halin da kowace unguwa da kowace hanyar dutse take ciki a watan da za ka je kuwa, abokinka da abokan karatunsa sun fi ni sani, maganarsu ce gaba da tawa. Ka kira shi a wannan makon ku daidaita a kan Maris, Afrilu ko Oktoba, ka ce ya fara haɗa takardar gayyata, ku kuma tsara kwanakin yadda Juma'a ɗaya za ta same ku a Bo-Kaap, sauran ranakun ku bar su a buɗe har sai kun ga abin da kan dutsen ya wayi gari da shi.